Ɗakin da Rakiya Ta Zana

Namiji ne ya ɗauki wayarta. A nan na gane.

Shekaranjiya da hantsi na kira Rakiya in ji ko ta wuce daji lafiya. Duk wanda ya fita daga Birnin Gwari ya san wannan, da ka wuce inda ba sabis sai ka kira gida ka ce na fito. Ita ba ta kira ba, shi ne na kira. Sai wata murya da ban sani ba ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar'uwar mai wayar nan ce?"

Na ce eh.

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Can ya ce, "Akwai namiji kusa da ke?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah Ya yi wa aminiyata Rakiya rasuwa. Ba mutanen daji ba ne, don na san abin da zai fara zuwa ran kowa ke nan. Taya ce ta fashe. Kun san irin gudun da direbobi ke yi a tsakanin bishiyoyin nan, ba mai son ya rage wuta. Motar ta bar titi. An dawo da ita gida, aka yi mata sutura bayan la'asar.

Masu kirana suna tambaya me ya sa ban sa ko hotonta ba sai yau, ku yi haƙuri. Ba mantuwa ba ce.

Inna, mahaifiyarta, tana Umra lokacin da abin ya faru, kuma washegari jirginsu zai sauka. Tana da hawan jini, zuciyarta ma ba lafiyayya ba ce. Da aka dawo daga maƙabarta, Yaya Mudi, wan Rakiya, ya tsaya a ƙofar gida ya roƙi jama'a. Ya ce don Allah kada kowa ya rubuta komai a waya, kada a ɗora hoto, har sai Inna ta shigo ɗakinta. Ya kira jagoran ayarinsu a can ya roƙe shi shi ma.

A wurinmu ba a tarar matafiyi da labarin rasuwa a hanya. Sai ya iso gida, ya sha ruwa, ya zauna, manya su kewaye shi. Haka aka shirya za a yi wa Inna. Kuma ni aka ce in je in tarbe ta, tunda dama tana sa ran ganina.

Ga wanda bai san mu ba, ni Lami ce, mai ɗinki. Ni da Rakiya firamare ɗaya muka yi a Tsohon Birnin Gwari. Ni a nan karatuna ya tsaya. Ita ta wuce har Zariya ta karanta zanen gine-gine. Mu Injiniya muke ce mata. Ta gaji da gyara mana, ta ce ita mai zane ce ba injiniya ba, muka ƙi ji, ta haƙura.

Ba ta taɓa sa na ji cewa ta fi ni boko ba. In an rubuto min magani, sai in ɗauki hoton kwalin in tura mata, ta kira ni ta fassara min, ko tana tsakiyar aiki. In ta zo gari, shagona take fara sauka. Ta cire takalmi ta zauna a benci tana yanke min zare, tana cewa ɗinkina ya karkace. Lokacin da na yi ɓari, ita ta wanke min kayan da hannunta, ba ta bari ƙannen mijina sun gani ba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta bar duniya.

A filin jirgin babban birnin jiharmu take aiki. Tana cikin waɗanda aka ɗora wa tsara yadda za a faɗaɗa wurin saukar fasinjojin ƙasashen waje. Ta ce wurin ya yi wa mutane kaɗan. Masu Umra sun ƙaru, ga ɗalibai, ga 'yan kasuwa, ga masu dawowa daga neman magani. Takan ce, "Lami, a ofis ana lissafin wanda ya sauko daga jirgi. Ni kuma ina tuna masu cewa mutum ɗaya namu in zai sauka, bas guda ke zuwa tarbarsa, har da mai goyo."

Haɗuwarmu ta ƙarshe a ɗakin Inna ce, ana gobe za ta tafi. Ta zo gida ne don ta gyara ɗakin kafin tsohuwa ta dawo. Ni na ɗinka labule, ita ta hau kujera tana ratayawa, tana mita wai ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ce ƙusarki ce a karkace, Injiniyar da ba ta iya buga ƙusa ba.

Da muka gama sai ta ce, "Zo ki ga abin da ke hana ni barci." Ta warware wata ƙatuwar takarda a kan gadon Inna, ta danne gefe da kwalbar man zafi.

Na ce, "To ina jirgin zai kwanta?"

Ta ce, "Ke dai tela ce. Jirgi yana waje. Nan mutane ne."

Ta bi da yatsa tana nuna min. Nan za a duba fasfo, an ƙara layuka don kada tsofaffi su daɗe a tsaye. Nan akwatuna za su riƙa zagayowa. Nan wurin alwala. Nan wata doguwar rumfa ce a waje, da kujeru da famfo, don masu tarba. Ni dai layuka nake gani kamar an zana yankan riga. Sai idona ya kai kan wani ɗan ƙaramin murabba'i kusa da ƙofar fita, ta hannun dama. Ta zagaye shi da jan biro.

Na ce, "Wannan fa, banɗaki ne?"

Ta ce, "Wannan ɗakina ne."

Ta ba ni labari. Farkon fara aikinta ta ga wata mata ta sauko daga jirgi tana fara'a, tana ɗaga wa danginta hannu. Kafin ta kai mota wani ya suɓuce ya yi mata gaisuwar ɗanta. A nan ta zube, tsakanin direbobin tasi, mutane suka zagaye ta, wasu har da ɗaga waya. Rakiya ta ce tun ranar abin bai bar ta ba.

Ta ce, "Ba jirgin da zai sauka a rasa wanda mummunan labari ke jira a cikinsa. Ɗaki kawai nake so. Kujeru, tabarma, ruwa, ƙofa mai rufuwa. Ko suna ba sai an rubuta a jiki ba."

Na ce to ai wannan ba abin musu ba ne.

Ta yi dariya. Ta ce wurin yana bakin ƙofa, kowa na so. Akwai masu ganin shago ya fi dacewa, kuma ita ba ta ga laifinsu ba, gini sai da abin riƙe shi. Gobe ne za a zauna a yanke. Shi ya sa za ta riga mu tafiya, ni da Yaya Mudi mu biyo ta ranar saukar Inna.

Na raka ta bakin zaure. Ta ce, "Ki sa atamfar nan mai ruwan ganye, Inna na son ta. Ni ina da katin shiga, zan je har ciki in fito da ita. Ke ki tsaya bakin ƙofa ki rangaɗa guɗa, ki ba ni kunya a gaban 'yan ofis."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Jiya na sa atamfar. Na sa kwalli, na shafa hoda a kan idon da ya kumbura, don Inna na ganina ba kwalliya za ta tambaya. Muka bi ayarin motocin safe, masu ratsa daji tare saboda tsaro. A hanya muka wuce motar, tana nan a gefen titi ba a janye ba. Yaya Mudi ya kau da kai. Ni na kalla. Ban san me ya sa na kalla ba.

Abin da aka tsara shi ne in ce aiki ya riƙe Rakiya. In mun yi nisa a hanya a ce ba ta jin daɗi. Sauran labarin kuma sai a gida, inda liman da su Gwaggo suke jira.

Da muka isa Yaya Mudi ya ce, "Lami, in ta kalle ni yanzu fashewa zan yi. Ke fara zuwa, ina nan wurin mota."

Ban taɓa zuwa filin jirgi ba sai jiya. Abin da Rakiya ke faɗa na gani da idona. Jirage sun sauka kusa da juna, mutane sun cika bakin ƙofa har kan titi, rana tana dukan kowa. 'Yan kujerun da ke wurin duk an zaune. Kowa da waya a hannu. Ni kuma kowace waya tsoro take ba ni.

Na hango matan garinmu da suka zo tarbar nasu. Shekaranjiyan nan wasunsu suna gidan makoki tare da ni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa don girman Allah. Wata dattijuwa daga Kazage ta riƙe hannuna ta ce, "Mun sani, 'yar nan. Ke dai ki riƙe fuskarki, ita ce abin tsoro."

Sai ga Inna ta fito, tana tura kayanta a hankali, da jarkar zamzam a sama. Ta rame kaɗan. Na je na durƙusa na ce, "Inna sannunku da zuwa, an dawo lafiya?" Guɗar ta ƙi fita.

Ta dafa kaina, amma idonta yana bayana.

Ta ce, "Ina mutuniyar taki? Na tsaya a ciki ina ta dubawa har aka kwashe kaya. Tun jiya wayarta a kashe."

Na ce, "Mitin ne ya riƙe ta, Inna."

"A nan?"

Na ce eh. Da na sani na ce wani gari aka tura ta. Bakina ne ya riga ni.

Ta ce, "To mu jira ta. Ni da na yi makonni ban gan ta ba, ba zan kasa jiran mitin ba."

Na ce ai ta ce mu wuce, za ta biyo mu. Inna ta ce Rakiya ba za ta ce haka ba. Na ce rana ta yi zafi. Ta ce wadda ta baro ta fi wannan. Ta jingina da abin tura kaya, ta gyara tsayuwa, tana kallon ƙofar da ma'aikata ke fitowa. Duk macen da ta fito da kati a wuya sai ta ɗaga kai.

Na kira Yaya Mudi na ce ka zo, ta ƙi tafiya.

Ya zo ya tsugunna, kansa a ƙasa. Ya ce, "Inna, mu kama hanya. In la'asar ta yi ba mai shiga dajin nan, ayari ba zai jira mu ba."

Ta ce, "Mudi, yaushe ka fara gaishe ni kana kallon takalmi? Ɗago."

Ya ce mura yake yi. Ta ce, "To kira min ƙanwarka, ka ce ta leƙo ko na minti ɗaya ne, in ba ta tsarabarta ta koma." Ya ciro waya ya riƙe. Wayar Rakiya kuwa tana cikin aljihun rigarsa, a kashe, gilashin a fashe.

Ana cikin haka na hango wata mata da kati a wuya ta nufo mu kai tsaye. Na gane ta daga hotunan da Rakiya ke nuna min, Madam Saraya ce, abokiyar aikinta, teburinsu ɗaya. Daga yadda ta haɗe hannu a ƙirji na san gaisuwa ta zo yi. Na yi sauri na tare ta, na damƙe hannunta na ce, "Ba ta sani ba."

Ta tsaya cak. Ta haɗiye abin da ke bakinta. Amma Inna ta riga ta gan ta, don sun gaisa ranar tafiyarta Umra.

Madam Saraya ta ƙaraso ta durƙusa ta ce, "Mama, sannu da hanya." Wallahi ta yi ƙoƙari. Muryarta ba ta yi rawa ba.

Inna ta ce, "Yauwa 'yata. Ku har kun fito daga mitin ɗin? Ita fa?"

Madam Saraya ta juyo wajena. Ta kalle ni. Na kalli Yaya Mudi.

Inna ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan atamfata. Sannan a hankali ta ce, "Lami, nemo min wurin zama."

Na waiga. Na san daidai inda ɗakin zai kasance, ta hannun dama in ka fito, don na ga jan biron da idona. Bango ne a wurin, an jera abin tura kaya a jikinsa. Madam Saraya ta ce ofishinsu yana wancan ginin, a sama. Na kalli ƙafafun Inna na ga ba za su kai ba.

Na sauke babban akwatinta na kwantar a jikin bangon. Ta zauna a kai.

Ban kira kowa ba. Dattijuwar nan ta Kazage ce ta fara zuwa, ta tsaya ta ba mutane baya, ta ware mayafinta da hannu biyu. Wata ta zo ta kama gefen. Wata ta ƙara nata. Kafin in ankara matan garinmu sun zagaye mu, mayafi na haɗe da mayafi, har da waɗanda suka sauko daga jirgi ɗaya da Inna. Madam Saraya ta cire ɗankwalinta ta toshe inda ya rage. Na ji tana ce wa wani a waje, "Malam, sauke wayar nan."

A cikin wannan zagayen Yaya Mudi ya gaya mata. Ya ce, "Inna, sai haƙuri. Rakiya ta riga mu."

Ta yi salati. Ta sake yi. Na lalubo ƙwayar maganinta a jaka na sa mata a baki, na buɗe zamzam ɗin da ta ɗauko na ba ta. A waje ana ta hon, wani yana kiran sunan wani.

Ta ce, "An rufe ta?"

Ya ce an rufe.

"Wa ya wanke ta?"

Na ce, "Ni da Gwaggo, Inna."

Ta ce, "To madalla." Sai a lokacin hawaye ya zubo mata. Matan nan ba su sauke hannu ba har ta ce a tashe ta. Na san hannuwansu sun gaji. Ban san sunan rabinsu ba. Allah Ya saka masu da alheri, Ya rufa masu asiri kamar yadda suka rufa mana.

Ayari ya tafi ya bar mu. Muka kai ta asibiti aka duba jinin, ya hau sosai amma an samu ya sauka. Muka kwana a gidan dangi, yau da safe muka taho. A daji ta ce, "Ku nuna min wurin." Yaya Mudi ya nuna. Direba bai tsaya ba, ita ma ba ta ce ya tsaya ba. Ta ɗaga hannu ta jikin gilashi har muka wuce.

Da ta shiga ɗakinta ta ga labule, ta tsaya ta taɓa. Ta ce, "Ɗaya ya fi ɗaya tsawo." Na ce ƙusar ce, Inna.

Ita ce ta ce min ɗazu, "Yanzu ki rubuta, mutanenta su sani."

To ga shi na rubuta.

Ya Allah, ga Rakiya nan ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata mata makwancinta, Ka sa ta samu tarba mafi kyau fiye da wadda ta so ta shirya wa bayinKa. Ka riƙe zuciyar Inna. Ka ba Yaya Mudi haƙuri. Ka tsare duk wanda zai bi hanyar nan gobe.

Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya yi mata addu'a. In kun idar da salla ku ambaci sunanta, ku haɗa da Inna.

Madam Saraya ta kira ni da azahar ta ji jikin tsohuwa. Na tambaye ta zaman nan da Rakiya ta fita dominsa. Ta ce da labari ya iso masu kowa ya tashi, an ɗage, ba a sa rana ba. Ta ce za ta yi magana in an zauna, amma ita murya ɗaya ce. Ni ban san yadda ake magana da kwamiti ba. Abin da na gani kawai na faɗa.

Ɗakin yana nan a kan takarda. Ba a yanke ba, ba a gina ba.